Ta Wuyan Hannu Aka Kai Ga Zuciyata

Tsoron da ya kusa jawo mini halaka a gefen gadon yayana na ɗauko shi, shekara goma sha biyu kafin nawa ciwon ya bayyana. An yi masa aikin duba jijiyoyin zuciya ta gindin cinya, kamar yadda aka fi yi a wancan lokaci, kuma ni ne na kwana da shi. Bayan an zare bututun, wani ma'aikacin jinya ya danne wurin da hannu biyu na kusan minti ashirin, sannan aka ce Yaya ya kwanta rigingine awa shida, kada ya lanƙwasa ƙafa, kada ya ɗaga kai. Mutum ne mai ciwon baya, saboda haka tun kafin awa biyu ta cika ya fara nishi, ga fitsari ya matse shi amma yinsa a kwance ya gagara. Can cikin dare tari ya sarƙe shi, da na ɗaga mayafin sai na ga zanin gado ya jiƙe da jini, cinyar kuma ta kumbura ta yi tauri. Sai da aka yi masa ƙarin jini, kuma kwana ɗayan da aka ce zai yi ya koma shida. Allah ya ba shi lafiya, amma ni na fita daga ɗakin nan da alkawari a raina cewa ba za a taɓa yi mini irin wannan aiki ba.

Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina shan maganin hawan jini, wani lokaci a kan kari, wani lokaci sai na tuna. Ina da shekara hamsin da huɗu na fara jin nauyi a tsakiyar ƙirji duk lokacin da na hau matakalar bene zuwa ajin sama, kamar an ɗora mini dutse, wani sa'in ya sauka hannun hagu, wani sa'in ya hau muƙamuƙi. In na tsaya minti uku ko huɗu sai ya wuce. Likitan da na gani ya auna bugun zuciyata ina kwance, ya sake aunawa ina tafiya a kan injin motsa jiki, sannan ya ce alamu sun nuna ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya ta ƙuntata, kuma hanyar tabbatarwa ita ce a zura siririn bututu a ɗauki hotonsu daga ciki. Ban bari ya ƙarasa bayani ba na ce ya ba ni magani kawai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ban tambaye shi ta ina za a shiga ba, domin a tunanina hanya ɗaya ce, kuma na riga na ga ƙarshenta.

Wata bakwai na yi a haka, da 'yar ƙwaya ta sakawa ƙarƙashin harshe a aljihuna. Na roƙi a mayar da darussana ajin ƙasa ba tare da na faɗi dalili ba, na rage saurin tafiya, na ɓoye wa maiɗakina yawan lokutan da abin ke taso mini. Ranar da ya zo mini ina zaune da asuba, ba tafiya ba hawan bene, da gumi mai sanyi da tashin zuciya, kuma ƙwayar ta kasa kwantar da shi, ita ce ta ce, "Malam, yau kam ba shawararka zan nema ba," ta kira ɗanmu ya fito da mota.

A asibiti gwajin jini ya nuna sinadarin da naman zuciya ke saki idan ya fara lalacewa ya hau. Likitan zuciya ya zauna a bakin gadona ya ce jijiyar ba ta toshe gaba ɗaya ba, amma tana gab da haka, kuma yana so a shiga a duba kafin a kwana biyu. A nan ne na buɗe baki na ba shi labarin Yaya daga farko har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tun wata bakwai da suka wuce. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama sai ya kama hannuna na dama, ya ɗora yatsunsa a wuyan hannun ta ɓangaren babban yatsa, inda ake jin bugun jini, ya ce, "Malam, in Allah ya yarda ta nan za mu bi."

Bayanin da ya yi mini a wannan zama har yau ina iya maimaita shi. Ya ce jijiyoyi biyu ne ke kai jini tafin hannu, ɗaya ta ɓangaren babban yatsa, wadda suke kira radiyal, ɗaya ta ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma su biyun suna haɗuwa a cikin tafin hannu kamar baka, ta yadda in ɗaya ta samu matsala ɗayar kan ɗauki nauyin hannun. Ta ɓangaren babban yatsa tana kwance ne dab da fata, da ƙashi a ƙarƙashinta, saboda haka in aka danna ta sai ta matsu a jikin ƙashin jini ya tsaya, kuma ko ɗigo ya fita ido zai gan shi nan take. Ta cinya kuwa babba ce, tana can cikin nama, danne ta na da wuya musamman ga mai jiki, kuma in hujin ya yi sama kaɗan jini na iya zuba ta bayan ciki ba wanda ya gani sai mutum ya galabaita. Ya ƙara da cewa mai ciwo irin nawa dole a ba shi magungunan tsinka jini masu ƙarfi, shi ya sa wurin shiga mai sauƙin tsayar da jini ya fi masa aminci.

Daga nan ya ce in dunƙule hannu, ya danne jijiyoyin biyu a lokaci guda, ya ce in buɗe. Tafin hannuna ya yi fari fat. Da ya saki ta ɓangaren ƙaramin yatsa kaɗai, sai na ga ja yana dawowa cikin daƙiƙoƙi kaɗan har ya kai kan yatsu. Ya ce wannan tsohon gwaji ne kuma ba kowane likita ke dogara da shi ba yanzu, amma yana son mara lafiya ya gani da idonsa. Gani kuwa ya kori ji, domin babban abin da ke raina shi ne hannun da nake riƙe alli da alƙalami da shi. Ya tambaye ni lafiyar ƙodata, saboda ruwan da ake zubawa don hoton ya fito ta ƙoda yake fita, kuma mai ciwon ƙoda mai tsanani akan so a adana masa jijiyoyin hannu ko wata rana zai buƙaci wankin ƙoda. Bai ɓoye mini ba cewa a wasu mutane jijiyar kan yi ƙanƙanta ko ta yi lanƙwasa da yawa, sai a koma ɗaya hannun ko cinya. Na sa hannu a takardar amincewa da wannan sharaɗi a ciki.

Washegari da aka zo shirya ni, aka aske gashin wuyan hannu, sai kuma aka ce za a aske gindin cinya. Gabana ya faɗi. Ma'aikaciyar jinyar ta lura, ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, shiri ne kawai don ko ta kwana." Ɗakin aikin yana da sanyi, da wata babbar na'urar hoto mai kama da baka tana kewaya gadon, ma'aikatan kuma duk sanye da riguna masu nauyi na kariya daga hasken hoton. Aka miƙe hannuna a kan wani allo a gefena, aka sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin wuyan hannun don ya ɗan lanƙwashe baya, aka wanke, aka lulluɓe ni sai wannan ɗan wuri kaɗai a buɗe. Ba a sa ni barci ba. Allurar kashe zafi ta yi mini raɗaɗi na ɗan lokaci, bayanta kuma sai dannawa kawai nake ji.

Likitan yana yi yana faɗa mini abin da yake yi, domin na roƙe shi hakan. Ya soka allura a jijiyar, da jini ya fito yana bugawa sai ya zura siririyar waya ta cikin allurar, ya zare allurar ya bar wayar, sannan ya bi kan wayar da ɗan gajeren bututun roba wanda faɗin ramin cikinsa kusan milimita biyu ne. Wannan bututu shi ne ƙofar da komai zai bi ya shiga ya fita. Ta cikinsa aka zuba maganin da ke sassauta jijiya, na ji zafi kamar ruwan ɗumi mai ƙarfi ya bi tafin hannuna ya wuce, aka kuma ba ni maganin hana jini daskarewa. Sai aka fara tura dogon bututun, mai tsawon kusan mita ɗaya, ya bi damtse, ya ratsa ƙarƙashin kafaɗa, ya gangara babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, inda bakin jijiyoyin zuciyar suke.

A nan ne kaɗai na sha wuya. Bututun na kaiwa wajen gwiwar hannu sai na ji hannun ya ɗaure da wani ciwo mai murɗawa. Likitan ya tsaya nan take ya ce jijiyar ce ta tsuke, domin bangonta na da tsoka, kuma tsoro da sanyi da taɓi kan sa ta damƙe abin da ke cikinta. Bai tilasta ba. Ya ƙara maganin sassautawa, aka sa mini ɗan abin kwantar da hankali ta ɗaya hannun, muka jira kamar minti uku ina ta ambaton Allah, sai ciwon ya saki. Daga baya ya ce in ja dogon numfashi in riƙe, domin hakan na miƙe lanƙwasar da ke ƙarƙashin kafaɗa, kuma daga nan ban sake jin motsin komai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan, a ce akwai abu a bakin zuciyar mutum amma ba ya jin sa.

Da aka fesa ruwan hoton sai na ga jijiyoyin zuciyata a allon talabijin ɗin da ke gefe, baƙaƙe, suna rassa kamar saiwar bishiya, suna rawa da kowane bugu. Ya nuna mini wadda ke gangarowa ta gaban zuciya, inda ta tsuke ta zama kamar zare a wuri ɗaya, ya ce kusan kashi casa'in cikin ɗari na hanyar ya toshe da maiƙon da ya taru a bangonta. Ta cikin wannan bututu dai ya zura wata waya da ba ta kai rabin milimita ba ta ratsa ƙuncin, ya bi ta da ɗan balan-balan ya hura shi. Ciwon ƙirjin da na sani ya dawo na 'yan daƙiƙoƙi, domin a lokacin hanyar a rufe take, kuma ya riga ya gargaɗe ni. Sannan ya sa 'yar ragar ƙarfe mai faɗin milimita uku, wadda aka shafe da maganin hana wurin sake tsukewa, ya buɗe ta ta manne a bangon jijiyar. Da aka sake fesa ruwan sai na ga hanyar ta cika daga sama har ƙasa. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba.

Tun ina kan gadon aka zare bututun, aka ɗaura mini wani abin hannu na roba mai haske kamar agogo, da 'yar jakar iska a ciki da ake hurawa da sirinji. Ma'aikaciyar jinyar ta rage iskar a hankali har ɗigon jini ya leƙo, sannan ta mayar da kaɗan. Ta ce dabarar ita ce a danne iya yadda jini ba zai fita waje ba, amma ya ci gaba da wucewa ta cikin jijiyar, domin matsewa da yawa ko na dogon lokaci shi ke sa jijiyar ta toshe daga baya, kuma duk da cewa yawancin waɗanda hakan ya faru da su ba sa jin komai, an yi asarar ƙofar da wata rana za a iya buƙata. Ta maƙala na'urar auna iskar jini a babban yatsana, ta danne ɗaya jijiyar, ta tabbatar bugun bai ɗauke ba. Bayan haka ta riƙa zuwa tana rage iskar kaɗan-kaɗan har aka cire abin gaba ɗaya bayan kamar awa biyu. A zaune na yi wannan jira, kuma da buƙata ta kama ni da ƙafata na taka zuwa banɗaki. Ina rufe ƙofar sai hawaye suka zubo mini, domin daren Yaya ne ya dawo mini gaba ɗayansa.

Dole in faɗi kurakurai biyu da na yi bayan an sallame ni, domin asalinsu ɗaya ne. Abin da na gani a hannuna ɗan tabo ne kamar cizon sauro, sai zuciyata ta auna girman ciwon da girman tabon. An ce kada in ɗaga abu mai nauyi da wannan hannu na wasu kwanaki, amma kwana ɗaya da komawata gida jikata ta rugo da gudu na sure ta sama. Kafin awa ɗaya wuyan hannun ya kumbura, kumburin yana hawa sama, fatar ta yi tsauri. 'Yata ta danne wurin da ƙarfi, ta ɗaga hannun sama, muka koma asibiti. Hoton sauti ya nuna jini ne ya taru ƙarƙashin fata amma jijiyar a buɗe take, aka sake ɗaure wurin na wasu awoyi. Mako biyu hannun yana baƙi-baƙi har gwiwar hannu kafin ya washe.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. An ɗora ni a kan asfirin da wani magani na biyu mai hana ƙwayoyin jini mannewa, aka ce in sha su tare shekara guda. Bayan wata uku ina hawa bene ba nauyin ƙirji, ga dasashina na fitar da jini in na goge haƙori, sai na ajiye na biyun da kaina har kwana biyar. Da na faɗa wa likitan a ranar komawa, fuskarsa ta canza yadda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Malam, raunin hannunka ya warke, amma ƙarfen da ke cikin zuciyarka naman jiki bai gama rufe shi ba. In jini ya daskare a kansa hanyar za ta toshe lokaci guda, kuma ba kowa ke isowa asibiti ba." Ya ce in jinin dasashi ya dame ni in zo mu duba tare, amma kada in sake yanke wa kaina hukunci. Tun daga ranar ban tsallake ƙwaya ɗaya ba har ya ce in dakatar da na biyun da bakinsa.

A watannin jinyar tambaya ɗaya ta riƙa ci mini rai: in wannan hanya tana nan, me ya sa ba a bi ta da Yaya ba? Ita ta sa na shiga karatu. Na tarar cewa dabarar allura da waya da bututu da aka yi mini, wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Sven Seldinger ne ya fito da ita a 1953, kuma tun daga shekarun 1960 cinya ce ta zama babbar hanya saboda faɗin jijiyarta. A 1989 Lucien Campeau na birnin Montiriyal a Kanada ya bayyana hoton jijiyoyin zuciya da ya ɗauka ta wuyan hannu ga mutum ɗari, sannan a 1992 Ferdinand Kiemeneij na Amstadam a Holand ya fara buɗe jijiyar da ta ƙuntata ta wannan hanya. Ke nan a lokacin Yaya hanyar tana nan, sai dai tana da wuyar koyo, kayan aikin sun ɗauki lokaci kafin su sirance, kuma manyan hujjoji ba su iso ba tukuna. Binciken RIVAL na 2011, mai mutum 7,021, ya samu manyan matsalolin wurin shiga a kashi 1.4 cikin ɗari ta hannu, 3.7 ta cinya. Na MATRIX a 2015, mai mutum 8,404 masu ciwo irin nawa, ya samu zubar jini mai tsanani a kashi 1.6 ta hannu da 2.3 ta cinya, mutuwa kuma 1.6 da 2.2. Bayan wannan ne ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa wuyan hannu a gaba ga irin waɗannan marasa lafiya, matuƙar likitan ya ƙware a kai. Wannan karatu ya cire mini ɗacin da na daɗe ina riƙe da shi game da waɗanda suka yi wa Yaya aiki, domin abin da aka sani a zamaninsu suka bi. Har yau ma cinya ba ta rasa gurbinta ba, domin manyan na'urori irin na sauya murfin zuciya ba sa wucewa ta jijiyar hannu.

Bara ciwon ƙirjin Yaya ya dawo, likitansa ya ce a sake dubawa, shi kuma ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai sake kwanciya a wannan gado ba. Matarsa ce ta kira ni. Na je na zauna kusa da shi, na naɗe hannun riga na miƙa masa wuyan hannuna, ya daɗe yana neman tabon kafin ya gan shi, ya ɗora yatsa ya ji jijiyar tana bugawa. Na ba shi labarin komai, har da tsukewar jijiyar da kumburin da kwana biyar ɗin da na bar magani, na kuma ce masa ni ba likita ba ne, ya je ya tambayi nasa likitan ko hannunsa zai yiwu. Ya yi shiru, can ya ce, "Ka ce da ƙafarka ka tashi?" Na ce, "Da ƙafata, Yaya."

Ta hannun hagu aka yi masa, domin bugun na daman ya yi rauni. Ni ne na sake zama a gefen gadonsa, shi yana zaune ya jingina da matashi, abin robar a wuyan hannunsa, muna jiran ma'aikaciyar jinya ta zo ta rage iska. Da ta cire shi gaba ɗaya ta manna auduga, sai ya sauko da ƙafafunsa ƙasa a hankali, ya ce in miƙo masa takalmansa.